Saitin Kyamara da Kwaskwarimar Hoto: Ina Gyara Ya Tsaya, Ina Ƙarya Ta Fara?

Ranar 10 ga Maris, 2024, fadar Kensington ta saki hoton Gimbiya Catherine, matar Yarima William na Birtaniya, tana zaune 'ya'yanta uku sun kewaye ta suna dariya. A daren ranar manyan kamfanonin dillancin labarai, AP da Reuters da AFP da Getty, suka janye hoton daga rumbunsu. Ɗan abin da ya tona asirin bai taka kara ya karya ba: bakin hannun rigar 'yarta Charlotte ya ɓace a wani wuri, zif ɗin rigar gimbiyar kuma bai hau layi ba. Washegari ta ba da haƙuri, ta ce kamar sauran masu ɗaukar hoto don sha'awa, ita ma takan ɗan taɓa hotuna jefi-jefi.

Gaskiyarta ne. Abin da ta yi, miliyoyin mutane suna yin sa kullum a wayoyinsu, ba mai ce musu kanzil. Lokacin da nata ya fito ne ya bambanta shi. An yi mata tiyata a watan Janairu, an daɗe ba a gan ta ba, raɗe-raɗi ya yi yawa, sai jama'a suka karɓi hoton a matsayin shaidar cewa tana nan lafiya. Gani ya kori ji, shi ya sa hoto yake da ƙarfin da magana ba ta da shi, shi ya sa kuma taɓa shi yake da nauyi. A ganina muhawarar gyaran hoto duk a kan abu biyu take yawo: me mai kallo ya ɗauka kana gaya masa, kuma wanda ke cikin hoton ya yarda da abin da ka yi wa kamanninsa?

Masu ɗaukar hoto don sha'awa sun rabu gida biyu a kan wannan. Akwai masu alfaharin cewa hotonsu daga kyamara ya fito kai tsaye, ko kaɗan ba su taɓa shi ba. Akwai kuma masu cewa hoto nasu ne, yadda suka ga dama za su yi da shi. Na farkon sun fi ban sha'awa, amma hujjarsu ta fi saurin rushewa, domin tun kafin a danna maɓalli an riga an fara zaɓar abin da za a nuna da abin da za a ɓoye.

A duba saurin ƙiftawar kyamara, wato tsawon lokacin da take buɗe ido haske ya shiga. A 1/1000 na daƙiƙa, ruwan da aka watsa zai tsaya cak a iska, ɗigo-ɗigo, abin da idon mutum bai taɓa gani ba. A daƙiƙa 30 kuwa, ruwan kogi zai koma kamar hayaƙi, masu wucewa a titi su narke su ɓace. Wannan ba sabon abu ba ne. Hoton da Louis Daguerre ya ɗauka na titin Boulevard du Temple a birnin Paris a 1838 ya nuna titin wayam, alhali cike yake da mutane da kekunan doki. Mintoci kyamarar ta yi a buɗe, duk mai motsi bai zauna a hoton ba, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Ba wanda ya goge kowa, saitin ne ya share titin.

Haka ƙofar haske take. Idan ka buɗe ta sosai, kamar f/1.8, fuskar wanda kake ɗauka za ta fito tar, duk abin da ke bayansa ya dushe: bola, tsagaggen bango, mutumin da ba ka so a gane. Ka matse ta zuwa f/11, komai ya dawo. Shi kuma ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske a cikin kyamara, idan ka ɗaga shi daga 100 zuwa 6400 saboda duhu, hoto zai yi tsakuwa-tsakuwa, kyamara ta bi ta goge tsakuwar da kanta, a wajen gogewar ta haɗa da ƙananan ramukan fata da siraran gashi. Fuska ta yi sumul ba tare da ka buɗe wata manhaja ba.

Wanda ya fi duka iya yaudara shi ne tsayin gilashin kyamara da nisan da ka tsaya. A 2020, lokacin da ake ta yaɗa hotunan cunkoso ana zargin mutane da ƙin ba da tazara saboda korona, wasu masu ɗaukar hoto biyu a birnin Kwapanhagen na Denmak sun yi gwaji. Suka ɗauki mutane iri ɗaya a lokaci guda, ɗaya da dogon gilashi daga nesa, ɗaya da gilashi mai faɗi daga wata kusurwa. A hoton farko mutane sun cushe kafaɗa da kafaɗa, a na biyu ga tazara nan sarai tsakaninsu. Duka biyun kai tsaye suka fito daga kyamara. Ko hoton da kake ɗaukar kanka da hannu bai tsira ba: wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya nuna cewa daga nisan santimita 30 hanci yakan fito da faɗin da ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, idan aka kwatanta da hoton da aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi.

Sai kuma abin da ke faruwa a cikin cikin kyamarar. A yawancin kyamarori kowane ɗigo na sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa, launi ɗaya kawai yake gani, ja ko kore ko shuɗi, sauran biyun lissafa su ake yi daga ɗigogin da ke maƙwabtaka da shi. Daga nan kyamara ta yanke hukunci kan ƙarfin launi, da kaifin hoto, da yadda baƙi zai yi baƙi, ta matse komai ta ba ka JPEG, wato fayil ɗin hoto na yau da kullum, mai matakan haske 256 a kowane launi. Fayil ɗin RAW mai bit 14, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana riƙe da matakai 16,384, shi ya sa ake iya ceto inuwa da gajimare daga cikinsa. Ke nan mai ɗaukar JPEG ma an gyara masa hoto, injiniyoyin Canon ko Nikon ko Fujifilm ne kawai suka yi masa zaɓin. Wayar hannu ta ma zarce nan, domin hotuna da yawa take ɗauka a ƙiftawa ɗaya ta narkar da su wuri guda. A Maris 2023 wani ya dusar da hoton wata da gangan, ya sa shi a allon kwamfuta, ya koma nesa ya ɗauka da wayar Samsung, sai ga wata ya fito da ramukansa da tabbansa waɗanda babu su a allon. Kamfanin ya musanta cewa hoto yake mannawa, amma ya amsa cewa wayar tana gane wata, ta ƙara masa bayani da ƙirƙirarriyar basira.

Tsofaffin gwanaye ma ba su ɗauki abin da ya fito daga kyamara a matsayin ƙarshen aiki ba. A shekarun 1850 Gustave Le Gray na Faransa yakan haɗa nagetif biyu, ɗaya na teku ɗaya na sama, saboda kayan zamanin ba sa iya riƙe hasken biyun lokaci guda. Ansel Adams ya ɗauki fitowar wata a kan ƙauyen Hernandez na jihar New Mexico a 1941, ya kuma shafe shekaru yana sake wanke hoton, sama tana ƙara baƙi a hannunsa. Photoshop da ya fito a 1990 sauƙi da sauri ya kawo, ya tarar ana yi.

To tunda babu hoton da hannu bai shiga ba, sai a ce komai ya halatta? A nan gida na biyu yake zamewa. 'Yan jarida sun daɗe da ja wa kansu layi mai sauƙin ganewa: haske da launi kana iya daidaita su gwargwado, gefen hoto kana iya datse shi, amma ba ka ƙara abu, ba ka cire abu, ba ka matsar da abu. Da tsada aka koyi wannan. Mujallar National Geographic ta matso da dalar Giza kusa da 'yar uwarta don hoton ya shiga bangon fitowar Fabrairun 1982, ta kuma daɗe tana shan gori. Jaridar Los Angeles Times ta kori Brian Walski a 2003 saboda ya haɗa hotuna biyu na wani sojan Birtaniya da fararen hula a kusa da Basra, hotunan da daƙiƙu kaɗan ne tsakaninsu. Reuters ta janye hotuna 920 na Adnan Hajj a 2006 bayan an gano ya ƙara hayaƙi a samaniyar Beirut. A 2014 AP ta raba gari da Narciso Contreras, wanda yana cikin waɗanda suka ci lambar Pulitzer, don kawai ya goge kyamarar bidiyon abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto na yaƙin Siriya. Wani zai ce hukuncin na ƙarshe ya yi tsanani, tunda kyamarar ba ta sauya labarin ba. Ni ina ganin daidai ne, domin mai kallon da ya san an goge abu ɗaya ba shi da hanyar sanin ko shi kaɗai aka goge.

Sai dai layin nan bai isa shi kaɗai ba. A Yunin 1994 mujallun Time da Newsweek suka buga hoto ɗaya na O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan Amurka da aka zarga da kisan kai, hoton da 'yan sanda suka ɗauka bayan kama shi. Newsweek ta bar shi yadda yake, Time ta ƙara wa fuskar duhu. Da aka jera su a wurin sayarwa, kowa ya ga abin da aka yi. Ba a ƙara komai ba, ba a cire komai ba, haske kawai aka taɓa, amma an sa mutum ya yi kama da mai laifi tun kafin kotu ta zauna, ta hanyar baƙar fatarsa.

Mai ɗaukar hoto don sha'awa ba ɗan jarida ba ne, ba wanda zai kore shi. Idan ya ɗauki faɗuwar rana ya zuba mata ja har ta wuce misali don ya rataye a ɗakinsa, ko ya goge wayar lantarki da ta ratsa dutse, ban ga wanda ya cuta ba, sai dai a yi gardamar kyau ko rashinsa. Matsala tana farawa ne lokacin da hoton ya fita da wata magana a bakinsa: ga abin da na gani, ga yadda wurin yake, ga kayan da nake sayarwa, ga yawan mutanen da suka taru. Mai sayar da mota da ya goge tsatsa ha'inci ya yi, ko da yatsa ɗaya ya yi shi. Wanda ya manna gajimaren wata rana a kan wani wuri ya rubuta sunan wurin da kwanan wata, ya aika mutane neman abin da babu. A Janairun 2016 reshen Nikon na Singapo ya ba wani ɗan sha'awa kyauta a Facebook saboda hoton jirgin sama da ya faɗo daidai tsakiyar wani tsani. Da mutane suka ja hasken hoton, sai ga farin akwati kewaye da jirgin, alamar manna shi aka yi. Da ya ce wasa ne ya haɗa, da dariya za a yi a wuce. Ikirarin cewa ya jira jirgin ya kama shi ne ya mai da abin ƙarya.

Ƙarya ma tana iya zama a gaban kyamara, fayil ya fito tsaf. A 2018 gidan tarihin halittu na Landan ya ƙwace kyautar da ya ba wani hoto na dabba mai cin gara tana tunkarar suri da dare a gandun Emas na Brazil, bayan masana biyar sun cimma matsayar cewa matacciyar dabba ce da aka cusa wa kaya, wadda ake ajiyewa a ƙofar gandun. Mai hoton ya musanta.

Inda abin ya fi damuna shi ne fuskokin mutane, musamman launin fata, domin a nan saitin kyamara da kwaskwarima suke haɗuwa wuri ɗaya. Ka tsayar da mutum baƙi a gaban farin bango da rana. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne ya mai da duk abin da ya gani zuwa toka-toka na tsakiya, mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na haske. Da ya ga farin bango ya cika hoto, sai ya rage haske, bangon ya yi fari-fari mai datti, fuskar ta nutse, idanu da haƙora kaɗai ke fitowa. Mai hoton ya koma gida ya ga haka, ya buɗe manhaja ya ja haske sama. Fuskar ta fito, amma ta yi furu-furu, ga tsakuwa a kumatu. Ya sa filta ya goge tsakuwar, ya ƙara ɗan ja don ta yi rai. Kafin ya ankara mutumin ya yi haske da mataki biyu, fatarsa ta koma kamar roba, shi kuwa a ransa gyara kuskure kawai yake yi. Da tun farko ya auna hasken daga fuskar, ko ya ƙara +1 a maɓallin ƙarin haske, ko ya matsar da mutumin inuwa mai haske ya juya shi ya fuskanci sarari, da fatar ta fito da zurfinta da sheƙinta ba sai an taɓa ba. Haka daidaita fari yake, wato saitin da ke gyara launin hasken wuri: hasken kwan fitila na da yana wajen 2700 zuwa 3200 a Kelvin, ma'aunin launin haske, na rana wajen 5500, kuma idan ka bar wa kyamara zaɓi, fata mai ruwan ƙasa da ta cika hoto tana iya sa ta zaci wurin ya yi ja da yawa, ta zuba shuɗi, fuska ta kwanta.

Wannan gazawar tana da tarihi. Tun daga shekarun 1950, masu wanke hoto da kayan Kodak suna daidaita injinansu da wani kati mai hoton farar mace, wanda aka fi sani da katin Shirley. Binciken Lorna Roth ta jami'ar Concordia a Kanada ya nuna cewa cikin abubuwan da suka matsa wa kamfanin ya inganta yadda fim ɗinsa ke ɗaukar launin ruwan ƙasa har da ƙorafin masu tallar kayan katako, waɗanda ba a iya bambance katakonsu mai duhu da mai haske a hoto. Sai a 2021 Google ya fito da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6, yana tallar cewa yanzu kyamararsa ta iya ɗaukar baƙar fata. Wasu wayoyin kuma suna zuwa da saitin ƙawata fuska a kunne tun daga kwali, yana haskaka fata, yana rage haɓa, yana ƙara ido, mai wayar bai sani ba. Duk mai ɗaukar mutane ya kamata ya shiga saitin ya duba.

Masu sana'ar gyaran hoton fuska suna da wata ƙa'ida da na ga ta dace da ɗan sha'awa ma: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji ko jan ido na rashin barci, ana iya goge shi. Abin da yake na mutum ne, tabo, tawadar Allah, wushirya, tamoji, faɗin hanci, girman jiki, launin fata, ba a taɓa shi sai mai shi ya nema. Dalilin a fili yake. Ka aika wa 'yar uwarka hotonta ka rage mata ƙugu ba ta roƙe ka ba, ka gaya mata ke nan cewa yadda take bai yi maka ba. Yara kuwa sun fi kowa shan wannan, domin yarinyar da ta tashi tana ganin kanta fara a kowane hoto, madubi ne zai zama mata baƙo. Ƙasashe sun fara sa doka a ɓangaren talla. Daga Oktoban 2017 Faransa ta wajabta rubuta cewa an gyara hoto idan an sauya surar jikin mai tallar, da tarar da ta kai yuro 37,500. Norway ta bi sahu a Yulin 2022, tata dokar ta haɗa da fata, ta kuma shafi masu tallar kuɗi a shafukan sada zumunta. Dokokin ba su shiga hotunan gida ba, can sai abin da mutum ya ga ya dace.

Idan mai hoton da kansa ya ce a haskaka shi fa? Fuskarsa ce, ba ni da ikon hana shi. Amma ina ganin haƙƙin mai kyamara ne ya fara nuna masa hoton da aka ɗauka da haske mai kyau, domin da yawan masu neman a haskaka su ba su taɓa ganin fatarsu a hoton da aka auna daidai ba.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara dagula lissafin. A 2023 Adobe ya sa wa Photoshop hanyar da za ka rubuta abu ya zana maka shi cikin hoto, Google kuma ya kawo Best Take a Pixel 8, mai zaɓo fuskar da kowa ya fi murmushi daga hotuna daban-daban ya haɗa su a ɗaya, lokacin da bai taɓa faruwa ba ke nan. A shekarar ce Boris Eldagsen na Jamus ya ƙi karɓar kyautar gasar Sony, ya bayyana cewa hoton nasa ba kyamara ce ta ɗauka ba, ƙirƙirarriyar basira ce ta haɗa shi. Kamfanoni suna ƙoƙarin sa wa hoto hatimin da ke nuna asalinsa da duk gyaran da aka yi masa, Leica M11-P ce kyamarar farko da ta zo da shi a 2023, sai dai hatimin yakan ɓace da zarar an ɗauki hoton allo, kuma yawancin 'yan sha'awa ba su da irin waɗannan kyamarori. Abin da ke hannunsu shi ne ajiye fayil na asali ba tare da an rubuta a kansa ba, da ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin hoto: an sauya sama, an haɗa hotuna uku, an cire mutum ɗaya.

Ajiye na asalin ya fi muhimmanci a wajen tsofaffin hotunan iyali. Manhajojin da ke farfaɗo da hoton da ya dushe ba sa dawo da abin da ya ɓace, domin bayanin babu shi a takardar. Cike gurbi suke yi da idanu da haƙora da gira da suka koya daga dubban fuskokin wasu mutane. Wanda ya san kakan zai kalla ya ce ya yi kama, amma ba shi ba ne. Jikokin da ba su riske shi ba kuwa ba su da abin kwatantawa, wannan fuskar za su riƙe. Duk wanda ya yi irin wannan gyara ya tura wa dangi, ya haɗa da dusasshen na asali, ya faɗi wanne ne wanne.